Rauta ta Gida: Wanda Ya Biya Kuɗi Shi Ya Cancanci Riƙe Mabuɗi

Idan magidanci ya gaji da kamfanin da ke ba shi intanet, ko don sabis ya yi rauni a unguwarsu ko don kuɗin data ya fi ƙarfin aljihunsa, abin da yakan fara yi shi ne ya sayi layin wani kamfani ya saka a rautar da ke ɗakinsa. A nan ne da yawa suke gano cewa na'urar da suka biya kuɗinta lakadan ba ta karɓar baƙon layi. Fitilunta na ci, wayoyi na ganin Wi-Fi, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa.

Dalilan da ke kawo haka uku ne, kuma ya kamata a rarrabe su, domin ba duka ne laifin kamfani ba.

Na farko shi ne saiti. Kowane kamfani yana da sunan ƙofar da layinsa ke bi ya shiga intanet, wadda ake kira APN. Idan rauta ba ta ɗauki wannan suna da kanta ba, sai mai ita ya shiga shafin sarrafa ta, galibi ta adireshin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 da ke rubuce a bayanta, ya rubuta sabon sunan. Mai intanet na waya mai zaren gilashi kuwa yakan buƙaci suna da kalmar sirri na tsarin PPPoE daga sabon kamfanin. Wannan aikin mintoci kaɗan ne.

Na biyu shi ne zangon iska. Kamfanoni suna watsa 4G a zangwanni daban-daban, kamar megahaz 700, 800, 1800 da 2600. Rautar da ba a ƙera ta da kunnen jin zangon sabon kamfani ba, babu saitin da zai sa ta ji. Wannan iyakar ƙira ce.

Na uku shi ne kulle da gangan: kamfani ya sa a toshe na'urar don kada ta yi aiki da layin kowa sai nasa. Wannan ne ya kamata a kawo ƙarshensa.

Hujjar kamfanoni tana da nauyinta. Sukan sayar da rauta ƙasa da farashinta, har su haɗa da kyautar data, da fatan su mayar da kuɗinsu daga sayen da mutum zai riƙa yi kowane wata. Da babu kulle, wani zai kwashi garaɓasa ya koma wajen abokin hamayya washegari. To amma bashi yana da ranar biya. Idan ragin da aka yi wa mai saye ya fita a cikin wasu watanni, babu dalilin da zai sa kullen ya zauna har na'urar ta mutu. Daga wannan lokaci ya zama dabarar hana mutum tafiya, alhali abin da ya kamata ya riƙe shi shi ne ingancin sabis.

Wasu ƙasashe sun riga sun yanke hukunci. Tun 1 ga Agustan 2016 doka ta bai wa kowa a Jamus 'yancin amfani da rautar da ya ga dama, ta kuma tilasta wa kamfanoni su miƙa masa bayanan shiga. Kanada ta haramta karɓar kuɗin buɗe waya a Disambar 2017, Birtaniya kuma ta hana sayar da wayoyi a kulle daga Disambar 2021.

Nijeriya ma ta amince da wannan aƙida tun 2013, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba masu layi damar sauya kamfani ba tare da rasa lambarsu ba. Idan lamba na iya bin mai ita, babu ma'ana a ce na'urar da ya saya ta tsaya a baya. Batun ya ƙara muhimmanci tun Janairun 2025, da hukumar ta amince a ƙara kuɗin kira da data da har kashi 50 cikin ɗari. Ɗalibin da ke karatu ta intanet da ɗan kasuwar da ke ciniki ta waya ba su da makamin ciniki sai ikon tashi su koma wani wuri. Idan tashin yana nufin sayen sabuwar rauta, yawancinsu za su haƙura da sabis maras kyau, tsoffin na'urori masu lafiya kuma su ƙare a bola ko a hannun masu gyara da ke fasa manhajarsu, wani lokaci su lalata su.

Gyaran ba shi da wahala. A rubuta a jikin kwali ko na'ura a kulle take da kuma zangwannin da take kamawa. A ƙayyade wa'adin kulle, bayansa a ba da lambar buɗewa kyauta. Kafin hukuma ta kai ga haka, mai saye ya yi waɗannan tambayoyi biyu tun yana gaban kanti, domin tun ran gini ake zane.