Ƙaramar Magana A Kai Ta Wurin Wanda Ya San Gida Biyu

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa a Mahuta, ko Mahutar Kafur ce ko ta Ɗandume, ya san cewa yawancin ƙararrakin da ake kawowa ba na fashi ba ne, ba kuma na kisa ba. Wannan ya zo domin matarsa ta yi yaji kwana uku ke nan. Wancan ya zo domin ɗan'uwansa ya ɗaga masa murya a gaban yara. Wata tsohuwa kuma ta aiko jikanta ya faɗa cewa muzurun maƙwabta ya cinye mata 'yan tsaki bakwai cikin mako guda. Mai sauraro daga nesa yana iya yin dariya, amma wanda abin ya shafa ba dariya yake yi ba, domin irin waɗannan maganganu su ne ke raba aure, su yanke zumunci, su sa maƙwabta su shekara ba sa ga maciji da juna. Ra'ayinmu a nan shi ne, tun da matambayi ba ya ɓata, lalle ne mutum ya nemi shawara, amma ya neme ta wurin wanda ya san shi, ya san abokin rigimarsa, zai kuma saurari bakin kowa kafin ya yi magana.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne yadda hanyar neman shawara ta sāke a ƙasar nan. A dā akwai matakala sananniya. Mace ta fara da gwaggonta ko uwar ɗakinta, namiji ya fara da kawunsa ko amininsa, in ta ƙi ci a je ga waliyyan da suka ɗaura auren, daga nan sai liman, sai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, alƙali kuwa shi ne ƙarshen tafiya. Gyare-gyaren da aka yi wa kotunan En'e a ƙarshen shekarun 1960, da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun karɓe yawancin ikon shari'a da na mulki daga hannun masu sarauta, Tsarin Mulkin 1999 kuma bai yanka musu wani aiki ba. Bayan haka sai wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Yau matar da ke Mahuta tana iya buga waya gidan rediyo, ko ta rubuta damuwarta a Facebook ba tare da suna ba, kafin la'asar mutum ɗari sun ba ta amsa, daga Kano, daga Legas, har daga ƙasashen waje.

Ba mu ce kome da ke cikin wannan sabuwar hanya sharri ba ne. Sai dai akwai aibi guda wanda ba ya gyaruwa, watau masu ba da amsar baki ɗaya suka ji. Ba su san mijin ba, ba su san cewa gonarsa ta masara ta ƙi bana saboda tsadar taki ba, ba su san abin da matar ta faɗa kafin ya faɗi tasa ba. Wanda ya ce mata ta kwashe kayanta ba shi ne zai ciyar da 'ya'yanta huɗu ba, wanda ya ce wa mijin ya nuna mata shi namiji ne ba shi ne zai tsaya gaban alƙali ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na kusa da shi kuma shi ke ganin ɗigar ruwan.

Mu fara da zaman aure. A wannan yanki na noma, daga Funtuwa zuwa Bakori, Kafur da Malumfashi, rigimar gida tana da lokutanta kamar yadda shuka take da nata. Da kaka, in an sayar da masara da auduga da waken suya, sai maganar ƙarin aure ta taso, uwargida kuwa tana kallon rufin ɗakinta da aka yi mata alkawarin gyarawa tun bara. Da tsakiyar damina, in rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai iso ba, sai maganar cefane ta zama faɗa. Dattijon da ke cikin garin ya san wannan, saboda haka in an kawo masa ƙara yakan gane ko talauci ne ke magana ko ƙiyayya. Addinin Musulunci ma haka ya tsara. Aya ta 35 a cikin Suratun Nisa'i ta yi umurni, in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙi kuma ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a cikin idda, hikimar kuwa ita ce ko zukata sa sanyaya a mai da aure. Abin mamaki, mu da muke karanta waɗannan ayoyi mu ne muke miƙa wa mace takarda da dare, mu ce kada gari ya waye tana gidan.

Wannan ya kawo mu ga fushi, wanda shi ne tushen yawancin ɓarnar. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wanda ya furta saki uku a numfashi ɗaya uku ɗin aka lissafa masa, ba shi da damar mai da matar sai ta auri wani aure na gaskiya sun rabu. Malamai nawa ne a Funtuwa da Malumfashi aka buga wa ƙofa da asuba, magidanci yana hawaye yana neman a samo masa mafita a kan kalmar da ya faɗa jiya da dare cikin ƙiftawar ido? Maganin da hadisai suka koyar ba ya cin ko kwabo: mai fushi ya yi shiru, ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya kuma yi alwala. Masana lafiyar jiki sun zo sun bayyana dalilin amfanin haka, cewa fushi yana sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, tunani ya ƙuntata, jiki kuma yana bukatar kamar minti 20 ko fiye kafin ya koma daidai. Ashe ke nan wanda ya fita ya tafi masallaci ko bakin gona ya dawo bai yi ragwanci ba, lokaci ya ba hankalinsa ya komo. Wayar da ke aljihu ita ce ta rage wannan tazara, domin a dā kafin mutum ya taka zuwa gidan surukansa ya huce a hanya, yanzu kuwa saƙon zagi ya isa kafin ya sa takalmi.

To, ina kyanwa ta shigo cikin wannan zance? Ta shigo domin ita ce misali mafi sauƙi na yadda ƙaramin abu ke girma in an kai shi inda bai dace ba. Manomin da ke da rumbu bai ajiye kyanwa don ƙawa ba. Ɓera yana cin hatsi, yana huda buhu, yana ɓata abin da bai ci ba da kashinsa da fitsarinsa. Wani irin ɓeran gida ne kuma ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. A ƙasar da ake tara hatsi kamar yadda kasuwar Ɗandume ke shaidawa, kyanwa ma'aikaciya ce. Amma ma'aikaciyar nan ba ta san katanga ba. Takan tsallaka ta buɗe tukunyar maƙwabta, ta sha nonon da aka ajiye, ta yi kashi a kan shanya, muzuru kuma ya bi 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya. Ga matar aure a ƙauye kaji su ne asusunta, da su take sayen sabulu da maganin yaro da kwanon 'yarta, saboda haka hasararta ta gaske ce, kada kowa ya raina ta.

Shawarar da ta fi saurin zuwa daga bakin wanda bai san gidajen ba ita ce a sa wa kyanwar guba. Wani kuma ya ƙara da cewa baƙar kyanwa mai zuwa da dare ba kyanwa ba ce, turo ta aka yi, daga nan sai zargin maita ya faɗa kan wata tsohuwa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Dukan shawarwarin biyu masifa ne. Naman da aka barbaɗa wa maganin ɓera bai san wanda aka nufa ba: kaza tana iya tsattsaga, kare yana iya ɗauka, yaro mai rarrafe yana iya kaiwa baki. Haɗarin irin waɗannan magunguna ne ya sa hukumar NAFDAC a 2019 ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabe na maganin ƙwarin nan Sniper a kasuwanni. Ban da haka, gubar da ta rage takan zauna a kan katanga ko ƙarƙashin gado, a cikin gidan da wata rana wani zai yi fushin da ya fi na kyanwa. Ta fuskar addini kuwa, Buhari da Muslimu duka sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu da yunwa, sahabin nan Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya samo laƙabinsa.

Mai unguwa ko limamin da ya san gidajen biyu yana da abin faɗa wanda ya fi wannan. Zai ce wa mai kyanwa ya ciyar da dabbarsa, domin mai yunwa ita ce ta fi sata, ya kuma biya 'yan tsakin da aka tabbatar ita ta ci, musamman in an riga an yi masa gargaɗi. Fiƙihu bai bar ɓarnar dabbobi haka kawai ba: a cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai hukuncin cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana wuyan masu su. Zai ce wa mai kaji ta rufe akurki da magariba, ta kife kwando a kan 'yan tsaki har su yi ƙwari, a rufe tukunya a ɗora dutse, a rataye nama da kifi a ragaya. Tun da cikin kyanwa kamar mako 9 ne kawai, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, sai a raba 'ya'yan ga masu rumbu da ke so, a kai muzuru mai yawo wurin malamin dabbobi a yi masa fiɗiya. In kuwa kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi har jini ya fita, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti ranar, domin ciwon haukan kare ba a jikin kare kaɗai yake ba. Mace mai ciki kuma kada ta kwashe kashin kyanwa da hannunta.

Wani zai ce, ai dattawan nan su ne suka kori mutane daga wurinsu. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kuwa kamata a rufe ta ba. Mata da yawa sun kai kuka an sallame su da kalma ɗaya, a yi haƙuri, ba tare da an kira mijin an tambaye shi kome ba. Wasu sun faɗi asirinsu da safe, da yamma sun ji shi a bakin rijiya. Wasu masu unguwa kuma sukan duba wanda ya fi kawo gaisuwa. Wanda aka yi wa haka ba za a zarge shi ba in ya koma ga baƙon da bai san sunansa ba. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma haƙurin da kullum mutum ɗaya ake ɗora wa zalunci ne aka sāke wa suna. Haka kuma akwai abin da ya wuce zaure. Inda aka kai ga duka da rauni, ko barazanar kisa, ko hana abinci, wannan maganar asibiti ce da kotu, duk dattijon da ya danne ta kuwa ya ɗauki alhaki.

Saboda haka kiranmu kashi uku ne. Ga Gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomin Kafur da Ɗandume da maƙwabtansu, kamata ya yi a ba sulhun masu unguwa da dagatai matsayi sananne, a koya musu iyakar abin da za su iya sasantawa da abin da dole su miƙa gaba, a ba su littafin rubuta abin da aka amince a kai, a kuma zaunar da dattijuwa mace a kowane zaman da ya shafi aure, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban maza ba. A kuma riƙa tura malaman dabbobi ranakun kasuwa, su duba har karnuka da kyanwoyi, kada a tsaya kan shanu da tumaki. Ga dattawa da limamai, su riƙe asiri, su saurari kowane ɓangare, su faɗa wa mai laifi laifinsa ko da shi ne mai kuɗin unguwa. Ga sauran jama'a kuwa, kada a yanke hukunci cikin fushi, kada kuma a yi haushin kaza a huce kan dami.

Mutanen Mahutar Ɗandume ba su manta da watan Disamba na 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 a hanyarsu ta dawowa daga Mauludi, aka kuma kuɓutar da su da taimakon jami'an tsaro da 'yan sintiri. A irin wannan dare ba wanda ya tambayi ko kyanwar wa ta ci kazar wa, maƙwabci shi ne ya fara fitowa. Garin da ke fuskantar irin wannan jarrabawa ba shi da rarar zumuncin da zai zubar a kan 'yan tsaki ko kalmar da aka faɗa cikin fushi. Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.