Takardar ɗan asalin jiha: Ɗaliban da ke biyan kuɗin makaranta a matsayin baƙi a garin da aka haife su

A galibin jami'o'in jihohi a Najeriya, jadawalin kuɗin rajista kashi biyu ne: na 'yan asalin jiha da na waɗanda ba 'yan jiha ba, kuma na biyun ya fi tsada. Hujjar gwamnoni ita ce, da kuɗin jihar aka gina jami'ar, don haka 'ya'yanta ne suka fi cancantar rangwame. Hujjar tana da ƙarfi, amma ma'aunin da ake amfani da shi yana da gyara.

Abin da ake dubawa shi ne takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ke bin asalin uba da kakanni. Ba ta la'akari da inda ɗalibi ya tashi ko inda iyayensa ke biyan haraji, alhali harajin albashi jihar da ma'aikaci ke zaune ce ke karɓa. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, ko Bahaushen da ya girma a Agege ta Legas, yana iya zama baƙo a jami'ar jihar da bai san wata ba.

A Amurka ma ɗalibin da ya fito daga wata jiha yakan biya fiye da ninki biyu a jami'ar gwamnati. Sai dai a can zama ake dubawa: a yawancin jihohi, iyalin da suka shekara guda da hujjar cewa nan ne mazauninsu suna shiga sahun 'yan gida. A nan kuwa, ko shekara 40 mutum ya yi, matsayinsa ba ya sauyawa, duk da cewa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali.

Tsadar rayuwa ta ƙara dagula lamarin. Tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da abinci da haya suka yi tashin gwauron zabi. Ɗakunan kwana a jami'o'i ba sa isa, don haka ɗalibin da ya zo daga nesa sai ya kama haya a gari. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, da ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin rajista tare da ba da naira 20,000 a wata, amma bashi ne: wanda aka caja da yawa shi zai fita da bashi mafi nauyi.

Majalisun dokokin jihohi na iya gyara wannan ba tare da sun yi asara ba. Su amince da shaidar zama, kamar kammala firamare da sakandare a jihar ko takardar harajin iyaye, a matsayin hujjar samun rangwame. Muddin ba a yi haka ba, 'ya'yan talakawan da neman abinci ya kai iyayensu wata jiha su ne za su ci gaba da ajiye karatu.