Kada Ka Ajiye Tsohuwar Laftop Ɗinka Saboda Firinta

Wannan makon zan ɗan kauce daga maganar jigo da salo, in taɓo wani abu da za a ga kamar ba na adabi ba ne, alhali yana ci wa da yawanmu tuwo a ƙwarya, wato tsohuwar laftop da firinta.

Mafi yawanmu da waya muka fara rubutu. Wanda Allah ya hore wa laftop kuma, galibi ta hannu ce, HP ko Dell ko Lenovo mai ram giga 2 ko 4, irin wadda sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, shi kuwa Windows 11 bai yarda da irin waɗannan tsofaffi ba, yana neman injin zamani. Shi ya sa wasu suka koma ga Linux mara nauyi, irin su Linux Mint Xfce da Lubuntu da antiX. Kyauta ne, kuma manhajar rubutu ta LibreOffice tana aiki a kansu lafiya lau. Idan laftop ɗin ta tsufa ƙwarai, mai 32-bit ce, Lubuntu ya daina yi da ita tuntuni, sai a nemi antiX.

Da zarar ka ambaci Linux a gaban mai gyara, abu na farko da za ka ji shi ne: ai ba ya firintin. Wannan magana ta hana mutane da yawa gwadawa, kuma ba gaskiya ba ce. Mai gyaran bai saba da shi ba ne kawai, kuma faifan da ke zuwa a kwalin firinta na Windows ne, sai ya ɗauka in babu faifan babu hanya.

Kafin in shiga yadda ake yi, wani zai ce me ya haɗa marubuci da firinta a zamanin da ake sakin labari a WhatsApp da Wattpad, gasa ma ta imel ake turawa. Ra'ayina shi ne, duk rubutun da ba ka karanta shi a takarda ba, ba ka gama tace shi ba. Ido yana gudu a kan allon waya. Kalmar da ka maimaita sau uku a sakin layi ɗaya, wurin da ka haɗe abin da ya kamata a raba, jarumar da ta shiga ɗaki da shuɗin mayafi ta fito da ja, duk waɗannan sai a takarda suke tsayawa su kalle ka. Sannan manyanmu da muke kai wa aiki su duba, da wuya ka samu wanda zai zauna ya karanta shafi ɗari biyu a wayarsa. Ka ba shi takarda ya ɗauki jan biro, a nan ne za ka ga gyara na gaske. Haka ma ranar zaman karatu na ƙungiya, kwafi biyar a hannun mutane sun fi mutum ɗaya yana karantowa daga waya ana hamma.

Abin da ke kula da firinta a Linux sunansa CUPS. Ba sabon abu ba ne, tun 1999 yake, kuma shi ne dai kwamfutocin Apple suke amfani da shi. A Linux Mint yana zuwa a shirye, sau da yawa kana jona wayar USB za ka ga sunan firintar ya fito da kansa. A inda bai zo ba, sai ka buɗe tagar ba da umarni ka rubuta sudo apt install cups system-config-printer, ka sa lambar sirrinka, ka jira ya sauke. Daga nan ka buɗe burawuza ka rubuta localhost:631. Shafin da zai fito ba a intanet yake ba, a cikin kwamfutarka yake, ba ya cin data. A nan ake ƙara firinta, a zaɓi girman takarda, a fitar da shafin gwaji. Ka tabbata ka mayar da takardar A4, don wani lokaci yana zuwa a kan girman takardar Amurka, sai ka ga layin ƙarshe ya yanke ko firintar ta tsaya tana ƙifta fitila.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin firintar. Sababbi masu Wi-Fi, waɗanda aka rubuta AirPrint a kwalinsu, yawanci ba sa buƙatar direba ko kaɗan. HP tana da tarin direbobinta mai suna hplip. Ƙananan Brother masu garin tawada suna da brlaser, Epson masu tawadar ruwa kuma da yawansu suna tafiya da escpr. Amma firintocin da suka fi yawa a hannun mutanenmu su ne suka fi taurin kai. HP LaserJet 1018 da 1020, waɗanda kusan kowane shagon buga takardu ya taɓa mallaka, ba sa riƙe manhajarsu a cikinsu. Duk lokacin da aka kunna su sai kwamfuta ta tura masu ita. Saboda haka za ka ga Linux ya gane firintar, ka tura aiki, ya ce ya tafi, amma takarda ba ta fito ba. A nan ne mutane suke karaya. Maganinsa umarni ɗaya ne, hp-plugin, wanda zai sauko da abin da ya rage daga intanet sau ɗaya tak. Ita kuwa Canon LBP2900, wadda ake so saboda juriyarta, tana magana ne da wani yare na kamfaninta mai suna CAPT, kuma haɗa ta da Linux aiki ne mai cin rai. Ana iya yi, amma in ba ka riga ka mallake ta ba, ni ba zan ba ka shawarar sayenta ba.

Wannan ne ya sa nake ganin muna yin abin a baibai. Mutum ya sayi firinta tukun, sannan ya zo yana tambayar ko za ta yi. Shafin openprinting.org yana da jerin firintoci da bayanin yadda kowace take da Linux. Duba shi a waya bai kai wahalar mayar da kaya kasuwa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya taɓa kai fayil ɗin Word shago ya san takaicin ganin ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwatuna, ko kuma ƙasa ta fito qasa, ɗaya ta fito xaya, ɓarna ta fito varna. Na biyun yana faruwa ne idan an yi rubutun da tsohon salon haruffa irin Rabi'at, wanda ya yi wa Hausa hidima a lokacinsa, amma sai kwamfutar da ke da shi take nuna rubutun daidai. Linux yana zuwa da allon rubutu na Hausa a cikin saitinsa, ka zaɓe shi kawai. Ka yi amfani da salon haruffa irin Charis SIL ko Noto ko DejaVu, waɗanda suke da lanƙwasarmu. In ka gama, ka mayar da aikin PDF daga cikin LibreOffice, don PDF yana tafiya da haruffansa duk inda aka kai shi. Ko da a ce firintarka ta ƙi, wannan fayil ɗin za ka sa a filashi ka kai shago, ya fito yadda ka tsara shi.

Ban ce kowa sai ya sayi firinta ba. Mai garin tawada tana jan wuta sosai lokacin da take ɗaukar zafi, ƙaramar inbata ko ƙaramin janareta suna jin jiki. Mai tawadar ruwa kuma in ta daɗe ba a yi aiki da ita ba sai bakinta ya toshe, balle a lokacin hunturu. Marubucin da ke fitar da shafi ashirin a wata, shago ya fi masa sauƙi. Amma reshen ƙungiya da ke tara kuɗin wata zai iya mallakar guda ɗaya, a haɗa ta da tsohuwar laftop ɗin da wani ya jingine. CUPS yana da saitin raba firinta, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya zai iya turo aikinsa. Na fi son in ga kuɗinmu ya tafi nan fiye da wata sabuwar bana ta taro.

Wanda zai saya, ya je da laftop ɗinsa. In ma bai sa Linux ba tukun, Mint yana tashi daga filashi ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ka roƙi mai shago ya bari ka jona, ka rubuta jimla ɗaya mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, ka tura. Idan takardar ta fito daidai, sai a fara ciniki. Wanda ya gwada da wata firinta da ban ambata ba, ya faɗa mana sunanta da yadda suka ƙare a ƙasan wannan rubutu.