Kujerar Harlem da Powell Ya Bari Ta Yi Ƙura

Babu mai musun cewa Adam Clayton Powell Jr. gwarzo ne. Ya kasance limamin cocin Abyssinian Baptist a unguwar Harlem, kuma a 1945 ya shiga Majalisar Wakilan Amurka a matsayin baƙar fata na farko daga jihar New York. Da ya hau shugabancin kwamitin ilimi da ƙwadago a 1961, dokokin ƙarin albashin ma'aikata da na tallafin makarantu ta hannunsa suka bi. Shi ya sa laifinsa ya fi yi mini ciwo.

Mutumin nan ya mai da majalisa wurin da ake leƙawa in an ga dama. Ana kiran suna don kaɗa ƙuri'a, shi kuwa yana tsibirin Bimini na ƙasar Bahamas yana kamun kifi. Ya sa matarsa cikin ma'aikatan ofishinsa, tana cin albashi alhali tana zaune a Puerto Rico. Wata dattijuwa ta maka shi kotu kan ɓata suna, ta yi nasara, ya ƙi biya, har ta kai ba ya taka mazaɓarsa sai ranar Lahadi, ranar da ba a miƙa sammaci. Wannan abin kunya ne ga wakili.

Ranar 1 ga Maris 1967 'yan majalisa 307 suka kaɗa ƙuri'ar hana shi kujerarsa, 116 suka ƙi. Akwai wariyar launin fata a hukuncin, ban musa ba, kuma a 1969 Kotun Ƙoli ta ce majalisa ta wuce gona da iri. To amma dubi sakayyar da ya yi wa mutanensa. A Afrilun 1967 Harlem ta sake zaɓensa, shi kuma ya ƙi zuwa, ya yi zamansa a Bimini. Kusan shekara biyu talakawan unguwar nan ba su da mai magana da yawunsu. Aka rantsar da shi a Janairun 1969, ya ci gaba da fashin zama kamar da.

Kada wani ya kawo mini uzurin cewa fararen fata ma suna yi. Farin da ya yi fashi ya bar ɗaruruwan 'yan'uwansa a zauren, ita kuwa Harlem ba ta da kowa sai Powell. Ya san haka, ya ci amanarta. A zaɓen fidda gwani na 1970 mutanen suka gaji, suka ba abokin hamayyarsa Charles Rangel tikitin takarar kujerar, kuma sun yi daidai.