Sulhu ya fara da wanda aka zalunta

A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Jama'a sun riƙe sauyin suna, amma akwai tanadin da ya fi shi nauyi: dokar ta yarda a zaunar da mai laifi da wanda ya cuta da iyalansu gaban mai shiga tsakani, a daidaita yadda za a biya ɓarna. Shekaru sun shuɗe, har yau kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi.

A ɗauki yaron da ya fizge wayar mai sayar da kayan miya. Ya yi watanni a tsakiyar riƙaƙƙun masu laifi, ya fito ya fi da iya sata. Ita kuwa ta bar tirenta tana zaryar kotu da kuɗin motarta, wayar ba ta dawo ba, ba kuma wanda ya tambaye ta me take so. Sau da yawa abin da take so bai wuce a biya ta, yaron ya kalle ta ido da ido ya amsa laifinsa ba.

Sulhu ba baƙonmu ba ne. Masu unguwanni da dagatai sun daɗe suna yi, Kano ta kafa Zauren Sulhu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, shari'ar Musulunci ma ta sa zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa a hannun wanda aka cuta ko magadansa.

Sai dai mun san yadda ake lalata shi. A tara dattawa, a sa marar gata a tsakiya, a yi ta "ki yi haƙuri, ki bar wa Allah" har ta yafe don kunya. Wannan danniya ce. Ya fi muni a shari'ar fyaɗe, inda ake kashe magana da sunan rufin asiri. Matsayinmu a nan ba ya rawa: fyaɗe kotu za a kai shi. A sauran laifuka ma, duk wanda ya ce ba ya son zama, a ƙyale shi.

Makarantu su ma su duba. Bulala ko kora ba ta mayar wa ɗalibin da aka ƙwace wa kuɗin tara haƙƙinsa, kuma gobe a aji ɗaya zai zauna da abokan wanda aka kora.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi da manyan alƙalansu su horar da masu shiga tsakani, da mata a cikinsu, su fayyace laifukan da ba sa karɓar sulhu, a kuma riƙa rubuta kowace yarjejeniya alƙali ya sa hannu, don a san inda za a koma idan mai laifi ya ƙi biya.