Kafin A Sayar Da Fili Don Hannun Jarin Nvidia

Wani abokina malamin jami'a a Samaru yana shirin sayar da filinsa domin ya sayi hannun jarin Nvidia, kamfanin Amurka mai ƙera katin sarrafa hoto na kwamfuta, wai don darajarsa ta haura dala tiriliyan 3 a 2024. Na ce ya fara leƙa shagunan kwamfuta na PZ tukuna. Katunan AGP da aka yi rububinsu kafin PCI Express ya fara kore su a 2004, yau wa ke tambayarsu? Kamfanin 3dfx ma ya taɓa zama zakara, amma a 2000 ya sayar wa Nvidia kadarorinsa. Ga shi Google da Amazon, manyan abokan cinikin Nvidia, suna ƙera nasu. Shawarata, ya zuba rarar albashi, ya ƙyale filin nan.