Baƙin tabo a tafin ƙafa: inda inshorar ma'aikata ya kamata ta fara

A shekarar 2015 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sanar cewa sankarar fata mai suna melanoma ta kai ga hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Yana da shekara 90. An yi masa tiyata, aka gasa wuraren da na'ura, aka ɗora shi kan maganin Keytruda, kuma bai rasu ba sai a Disambar 2024 yana da shekara 100. Mawaƙi Bob Marley kuwa, wanda cutar ta ɓullo masa a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa, ya ƙi a yanke yatsan, ya mutu a 1981 yana da shekara 36.

Labarin Marley ya fi kusa da mu. A jikin farar fata, rana ce kan jawo cutar. A jikin baƙar fata ta fi fitowa inda rana ba ta taɓawa: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Takan fara kamar baƙin tabo mara zafi, ma'aikaci ya rufe shi da safa ya wuce ofis. Idan ya fara girma sai a kai wa mai yankan farce ya kankare, ko a shafa masa magani a ce gyambo ne. Kafin a je asibiti, kaluluwa ta taso a matsematsi.

Maganin farko, kuma mafi inganci, shi ne wuƙar likita. Ana yanko tabon a auna kaurinsa a ɗakin gwaji. Wanda bai kai milimita ɗaya ba, akan cire shi da santimita ɗaya na lafiyayyar fata a kewaye, kuma mafi yawan masu irinsa sukan warke. Wanda ya yi kauri sai a faɗaɗa yankan zuwa santimita biyu, a kuma duba kaluluwar da ke kusa. Manyan asibitocin gwamnatin tarayya suna da masu wannan aiki.

Da zarar ta bazu, lissafi ya canza. Tsohon maganin kansa na ƙarin ruwa kaɗan yake taɓukawa a wannan cuta. Abin da ya kawo sauyi tun daga 2011 shi ne magungunan da ke kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta yaƙi cutar da kanta, binciken da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Akwai kuma ƙwayoyin da ake ba wanda gwaji ya nuna cutarsa na da sauyin ƙwayar halitta ta BRAF. Sai dai irin ta tafin ƙafa ba ta cika ɗaukar wannan sauyi ba, kuma ba ta jin maganin garkuwa kamar irin ta Turawa. Ga tsada: ana ƙara Keytruda duk mako uku, kuma kuɗin zama ɗaya ya fi ƙarfin albashin darakta, balle na masinja.

Don haka abin nema daga Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta kafa, ba mai wuya ba ne. Duk wanda likita ya ga tabo mai shakku a ƙafarsa, a yanko a gwada cikin kwanaki, ba tare da makonnin jiran lambar amincewar kamfanin inshora ba. Asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya ya fara ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsara; ya dace a shigar da tiyatar melanoma ciki tun kafin a yi maganar sayo magunguna masu tsada. Ƙungiyoyin ma'aikata, da ba sa gajiya da zaman ƙarin alawus, suna da bakin da za su kai wannan buƙata teburin Ma'aikatar Lafiya.